Gaɓar da Yaya Talatu Ba Ta Taka Ba

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. Wadda muka haɗu da ita a bakin tanda wajen sayen burodi sai ta tsare ni, wadda ta kira waya don gaisuwa sai ta ɓige da "To Zulai, yaya teku?" A zaman da muke yi ranar Alhamis na fara labarin ya fi a ƙirga, kuma kullum sai an katse ni a wajen abinci, a ce in maimaita sunan kifin. Shi ya sa na ce bari in zauna in zuba shi gaba ɗaya, daga fita har dawowa, har da ɓangaren da ban faɗa a zaman Alhamis ba, tunda mai shi ta ba ni izini.

Ni haifaffiyar Jarwal ce, wata tsohuwar unguwa a Makka. Can na girma, can na yi aure, kuma girki ne sana'ata: shekara da shekaru ina dafa wa alhazai, in ranar Arfa ta zo ba a gane fuskata saboda hayaƙi. Jidda ga ta nan kusa da mu, amma ba zan ce na san ta ba. Filin jirgi na sani, da asibiti. Teku kuwa ta tagar mota nake hango shi.

'Yata Samira, mai aiki a wani kantin magani a Jidda, ita ta ƙulla tafiyar. Ta zo hutu ta same ni ina shafa wa ƙafata man zafi, ta ce, "Ummi, kin ƙare rayuwarki kina ciyar da matafiya, ke ba ki taɓa zama matafiya ba. Halas, na yanka miki tikitin jirgin ruwa, ke da Hala Talatu." Hala, haka yaranmu na yanzu suke kiran 'yar'uwar uwa, don Larabci ya fi zama a bakinsu.

Yaya Talatu yayata ce, uwa ɗaya, uba kowa da nasa. Mahaifiyarmu ta zo ƙasar nan tana yarinya tare da iyayenta, daga wajen Gumel, ta hanyar Sudan, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babbar mota, suka tsallako teku a kwalekwale. Mijinta na fari, baban Yaya, ya rasu bai samu zama ɗan ƙasa ba. Nawa uban ya samu. Saboda haka ni 'yar Saudiyya ce, ita kuwa Yaya, wadda aka haifa a ɗakin da aka haife ni, kuma ta fi ni iya Larabcin Makka, fasfon Najeriya take riƙe da shi, da igama, wato takardar izinin zama. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba. A gida ba ma tuna wannan bambancin sai lokacin sabunta takarda ya zo.

Na ɗauka za ta ƙi zuwa, don gwiwarta ba ta barin ta sakat, kuma ba mai son yawo ba ce. Amma da Samira ta yi mata bayani, tambaya ɗaya kawai ta yi.

"Jirgin zai tsaya a wancan ɓangaren? Ɓangaren Afirka?"

"Zai tsaya a Yanbu, sannan Safaga. Safaga a Masar take, Hala, ƙasar Afirka ce."

"To zan je," in ji ta.

Samira ce ta kai mu Jidda a motarta. Har yanzu Yaya ba ta saba da ganin mace a sitiyari ba, tun daga Kudai, ba mu ma bar Makka ba, take riƙe da ƙofar mota tana jan salati, in babbar mota ta matso ta ce, "Ke, bar masa hanyar, namiji ne, ba shi da haƙuri." Da muka wuce iyakar Harami sai ta juya tana kallon baya, har duwatsun suka ɓace.

An kama mana ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da tsohon gari, wanda suke kira Balad. Abin da ya fara tarbar mu shi ne iska. Zafin Makka busasshe ne, yana duka ya wuce. Na Jidda jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar rigar da ba ta bushe ba. Na wanke ɗankwali na shanya, har muka bar garin da lema a jikinsa.

Bayan la'asar muka shiga Balad. Gidaje ne dogaye, tsofaffi, tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa, sun turo kai waje kamar mata masu leƙen maƙwabta. Wasu an gyara su sun yi fes, wasu an tokare su da ƙarfe kada su faɗi. Ni sai suka tuna min da Jarwal ta da, kafin otal-otal su cinye rabinta, na rasa ko daɗi nake ji ko kewa. Muka ci mutabbaƙ mai ƙwai da albasa, da zafinsa, muka sha sobiya, wani abin sha mai zaƙi da sanyi. Muna tafe Yaya ta tsaya cak, ta ɗaga hanci.

"Ƙuli-ƙuli nake ji."

A wani lungu muka iske wani dattijo mai furfura yana gasa nama a kan garwashi, mutane sun yi layi. Siriyya suke ce wa naman, a nan da Makka duka, kuma rabin masu ci ba su san tsire ne ya sauya suna ba. Yaya ta yi masa sallama da Hausa. Ya yi murmushi, ya dafa ƙirji, ya amsa da Larabci cewa kakarsa Bahaushiya ce, amma shi abin da ya rage masa "sannu" ne da "yaji". Ta ɗanɗana naman ta ce masa citta ta yi kaɗan. Ya ce haka kakarsa take cewa. Ya ƙara mana tsinke biyu, ya hana mu godiya. Da muka bar wajen Yaya ta ce, "Kin ga jikokinmu ke nan, Zulai. Yaji zai rage, magana za ta tafi."

Mutanen Jidda suna da wata ɗabi'a da ta ba ni mamaki. Da yamma sai ka ga iyali sun shimfiɗa darduma a bakin teku, sun kafa butar shayi, sun zauna suna kallon ruwa. Ba abin da suke jira. Mu a Makka komai namu tsakanin salla da salla yake, kullum akwai baƙon da za a tara ko wanda za a raka, zama haka kawai sai mu ga kamar laifi ne. Mun gwada zaman, ban yi nisa ba na fara tunanin ko na kashe gas a gida.

Ranar da za mu hau jirgi Samira ta shigo da safe, fuskarta ba walwala. Bizar Masar ta Yaya ba ta fito ba. Ni fasfona ba ya buƙatar dogon jira, nata kuwa an ce ana kan dubawa. Masu jirgin sun ce za ta iya hawa, amma in aka isa Safaga babu biza, ba za ta sauka ba.

Yaya tana ɗaure bakin jaka, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Mu je dai. Wataƙila ta fito muna hanya."

Jirgin nan, ku ƙaddara an ɗauki ɗaya daga cikin manyan otal ɗin bakin Harami an kwantar da shi a kan ruwa. Akwai lif, akwai kantuna, akwai wurin wasan yara, akwai ma'aikata daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba duk da yawan alhazan da na ciyar. Ɗakinmu ƙarami ne mai tsafta, da 'yar baranda. Banɗakinsa ne kawai abin tsoro: in ka danna, sai ya yi wata ƙara kamar zai haɗiye ka. Karon farko Yaya ta fito da gudu, gwiwar ma ta manta da ciwonta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne alƙibla. Ni tun da aka haife ni ban taɓa tambayar ina alƙibla take ba. Ko idona a rufe na san inda Ka'aba take, kamar yadda na san inda hannuna yake. A jirgi sai ga ni ina kallon wata kibiya a talabijin, kuma kibiyar ba ta zama wuri ɗaya. Azahar mun fuskanci ƙofar ɗaki, la'asar mun fuskanci baranda. Muka yi ƙasaru, sallar matafiya, wadda na sha koya wa matan alhazai da baki amma ban taɓa yi ba. Da na sallame sai na tuna da tsofaffin da suke zuwa daga nesa, suna ganin Ka'aba su fashe da kuka, mu muna ture su don mu wuce. A ranar na fara fahimtar kukan.

Abinci kuwa, sai dai a ce masha Allah, a kuma ce astagfirullah. An jera shi ne kowa ya ɗiba da kansa, daga wannan bango zuwa wancan, kuma abin da ake bari a faranti ya isa ya ciyar da tanti guda a Arfa. Na ɗebo wasu 'yan dunƙule-dunƙulen shinkafa masu kyau, na kai baki, ashe ɗanyen kifi ne a ciki. Yaya ta buɗe nata ta duba, ta ce, "Wuta ce ta ƙare musu?" Daga nan ta fito da gwangwanin yajin da ta ɓoyo a jakar hannu, shi ya cece mu har ƙarshen tafiya. A saman jirgi kuma akwai wasu Turawa da suke kwanciya cikin rana tsirara-tsirara. Mu da muka ƙare rayuwa muna gudun rana, su kuɗi suka biya don su kwanta a cikinta.

A wajen cin abincin nan muka san Ummu Fahad, wata Balarabiya, kuma sanin bai fara da daɗi ba. Yaya tana tsaye kusa da teburinsu tana neman cokali, sai matar nan, ba tare da ta dube ta ba, ta miƙo mata farantin jikanta ta ce ta ƙaro masa dankali. Ta ɗauka mai aiki ce. Ni jinina ya hau. Yaya kuwa ta karɓi farantin, ta je ta zubo dankalin, ta ajiye a gaban yaron, sannan ta ja kujera ta zauna a teburin, ta ce da Larabcinta na 'yan Makka, "Ga shi. Yanzu ke kuma tashi ki kawo min shayi, ƙafata na ciwo." Matar ta ɗago, ta dube ta, fuskarta ta yi ja. Ta tashi da kanta ta kawo shayin, ta sumbaci kan Yaya, ta yi ta ba da haƙuri. Kafin shayin ya huce sun gano ciwon gwiwarsu iri ɗaya ne, sun shiga musayar sunayen magani.

Yanbu tamu ce, ba a tambayi kowa biza ba. Gari ne mai natsuwa, tsohuwar unguwarsa tana daf da tashar jirgi. Muka zaga kasuwar da ake sayar da busasshen kifi da dabino da zuma, sannan muka shiga wani ƙaramin gidan abinci muka ci sayyadiyya, shinkafar da ake dafawa da soyayyiyar albasa da romon kifi har ta yi duhu. Na tambayi mai gidan yadda yake sa albasar ta yi baƙi ba ta yi ɗaci ba. Ya ce sai in Yaya ta ba shi abin da take barbaɗawa daga gwangwani. Ya lasa, ya yi tari har hawaye, ya ce wannan ba abinci ba ne, hukunci ne. Amma ya faɗa min sirrin albasar, kuma ya roƙi a bar masa kaɗan a takarda.

Da jirgi ya bar Yanbu ya nufi yamma, Yaya ta rage magana. Baranda ta koma, da carbinta. Wani lokaci ta ce, "A irin ruwan nan Inna ta tsallako, cikin abin da bai fi gadonmu biyu ba. Ta ce ba ta ga komai ba, kakarmu ta rufe mata fuska da zane har suka iso." Ban san wannan ba. Yaya ta girme ni sosai, akwai Innar da ta sani wadda ni ban sani ba.

Da hantsi muka iso Safaga. Muka je wajen ma'aikatan jirgin, wata budurwa ta duba na'urarta, ta sake dubawa, ta girgiza kai cikin ladabi. Biza ba ta fito ba.

Muka koma ɗaki. Na cire mayafina na ce ni ma ba inda za ni.

"Za ki," in ji Yaya.

"Yaya, ni me na ajiye a Masar? Ke kike son zuwa."

"Shi ya sa za ki je. Mu biyu muka fito daga cikin Inna. In ɗaya ta taka, ai an taka. Tashi, kada ki sa in yi miki faɗa a gaban Turawa."

Na sauka ni kaɗai. Yawancin mutanen jirgi manyan motoci suka hau zuwa kallon gine-ginen Fir'auna, tafiya mai nisa. Ni na ce wa wani mai tasi ya kai ni cikin gari, inda mutanen gari suke cin abinci. Ya yi ta ƙoƙarin kai ni wani babban wuri na baƙi, na ce masa ni mai girki ce, inda uwarsa za ta yarda ta ci nake so. Ya yi dariya, ya juya kan mota.

Gari ne ƙarami, mai ƙura, duwatsu a bayansa, teku a gabansa. Ya sauke ni a wata rumfa inda wata mata take girki, baƙa kamar ni, mai faɗin fuska, ana ce mata Ummu Sayyid. Ta ce su mutanen kudancin Masar ne, aikin tasha ya kawo mijinta nan. Ta kawo min wani burodi mai kauri da ake barin ƙullinsa ya tashi a rana, da soyayyen kifi, da wani jan abin sha da ta kira karkade. Na kurɓa, zoɓo ne. Sannan ta ajiye wata miya a kwano. Na ɗaga cokali, miyar ta biyo shi.

"Mene ne sunan wannan?"

"Weka."

Miyar kuɓewa ce, wallahi. Da na leƙa madafarta sai ga maburgi a cikin tukunya, irin na Inna sak, har da tsagar da ke bakinsa. Na tsaya ina kallon maburgin nan kamar na ga ɗan'uwa.

Ta tambaye ni ko daga Sudan nake. Na ce daga Makka. Ta ce a'a, ba inda na je ba, inda aka haife ni. Na ce Makka, in na hau rufin gidanmu ina ganin hasumiyoyin Harami. Matar nan ta ajiye ludayi, ta goge hannu a jikin riga, ta kama hannuna biyu ta ɗora a fuskarta. Ta ce kullum tana ganin jiragen da ke tsallakawa zuwa Saudiyya daga bakin rumfar nan, ma'aikata suna tafiya suna dawowa, ita ba ta taɓa hawa ba, mahaifiyarta ma har ta rasu tana cewa baɗi. Ta ce in na koma in ambaci sunanta a gaban Ɗakin Allah, sunanta na yanka, Nafisa. Na ce zan yi. Na gaya mata ni ma ina da 'yar'uwa a cikin farin jirgin can, tana kallon garin nan, an hana ta sauka. Ta ɗauko roba ta cika da miya, ta naɗe burodi, ta ƙulla min busasshiyar kuɓewa a leda.

A bakin jirgi masu bincike suka ce dafaffen abinci ba ya shiga. Na yi magiya, na yi Larabcin Makka, na yi na Masar da na koya a wajen alhazai, ina! Burodin da kuɓewar kawai suka bari. Miyar na ba wani mai shara a tashar, ya zauna a gefe ya shanye, aƙalla ba ta zube ba.

Na iske Yaya a saman jirgi, a inuwa, Ummu Fahad na gefenta. Ashe ita ma ta fasa sauka, ta ce wai gwiwa ce, amma na san don wa ta zauna. Yaya ta karɓi burodin ta gutsura, ta daɗe tana taunawa. Ta kama hannuna ta sansana.

"Kin ci kuɓewa."

"Na ci, Yaya."

"Yaya ƙasar take?"

Na ce, "Ƙasa ce. Akwai ƙura, akwai awaki, mutanen suna da kirki."

Ta dubi duwatsun da ke bayan garin, ta ce, "Tun safe nake kallon su. Kamar na hanyar Arfa."

Da muka dawo Jidda, a tashar aka raba layi, 'yan ƙasa nan, masu igama can. Nawa ya tafi da sauri. Na tsaya daga waje ina hango ta, tana jingine da sandarta a tsakanin ma'aikata 'yan Indiya da Filifin, tana matsawa kaɗan-kaɗan. Na sha ganin layukan nan a rayuwata, amma ban taɓa tsayawa a wannan gefen ina jiran ta ba.

Samira ta ce ba za mu koma Makka ba sai mun ci kifin Jidda na gaskiya. Ta kai mu kasuwar kifi, inda ƙasa take jiƙe, masu sayarwa suna ihu kamar ana faɗa. Muka zaɓi najil, wani jan kifi mai ɗigo-ɗigo, da jatan lande. A can gefe akwai masu gyarawa, gaba kaɗan masu soyawa. Ka sayi kifinka, ka bi shi har ya shiga mai. Aka haɗa mana da shinkafa da miyar tsamiya, muka tafi bakin teku bayan la'asar, muka shimfiɗa darduma kamar 'yan gari. Wannan karon ban tuna da gas ba.

Samira ta tashi amsa waya. Yaya tana cire ƙaya daga kifi, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Zulai, aikin Usama ya kusa ƙarewa."

Usama ɗanta ne, shi kaɗai gare ta, yana aiki a wani kamfanin motocin alhazai a Kudai. Shi ma fasfon Najeriya gare shi, kuma igamar Yaya a ƙarƙashin tasa take.

"An ce musu za a rage ma'aikata bayan aikin hajji. In bai samu wani wurin da zai karɓe shi ba, sai tafiya. Shi da matarsa da yaran. Da ni."

Na ajiye kifin da ke hannuna. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin azumi."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki ki yi me? Ki daina barci? Ya isa mutum ɗaya ya daina." Ta ajiye ƙayar a gefen takarda. "Da yarinyar nan ta ce jirgi zai tsaya a Afirka, sai na ce bari in je in sa ƙafa, in ji abin da zuciyata za ta ce. Na san Masar ba Gumel ba ce, ban haukace ba. Amma na ce ko ƙasar ce in taka, in ji ko za ta san ni."

"To me kika ji, tunda ba ki taka ba?"

"Na ji ina so in koma Jarwal in sha shayi a kofina." Ta yi 'yar dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Ba talauci nake tsoro ba, Zulai, mun san shi. Inna tana kwance a Makka. Babana yana kwance a Makka. Ina tsoron a binne ni inda ba wanda zai san 'yar wace ce."

Na ce mata ba inda za ta, za mu nemi hanya, mijin Samira ya san mutane, ɗana ya san mutane. Ta bar ni na gama, don ta san maganar ta fi yi min amfani fiye da ita. Sannan na ce, in kuma ta kama dole, to ba ita kaɗai za ta sauka daga jirgi a Kano ba, ni ma ina da tukwane, kuma na ji can ma ana cin abinci. Ta dube ni ta ce, "Ke da ɗanyen kifi ya kusa kashewa?" Muka yi dariya har Samira ta dawo ta iske mu muna share ido, ta ɗauka yaji ne.

Washegari muka koma Makka. Na je Harami na cika alkawarin Nafisa. Zuwa yanzu da nake wannan rubutu maganar Usama ba ta warware ba. Ya kai takardunsa wurare, an ce ya jira, muna jira. Ku sa mu a addu'a.

Abu ɗaya ne ya canza. A makon da muka dawo Yaya ta sa Usama ya nemo wani ɗalibi ɗan Gumel da ke karatu a nan, ta zaunar da shi, ta lissafa masa sunayen da Inna take ambata: sunan ƙauyen, sunan kakanmu, sunan ƙanin Inna da aka bari a baya saboda ya yi ƙanƙanta da tafiya. Ɗalibin ya aika gida aka bincika. Ƙanin ya daɗe da rasuwa, amma ɗansa yana nan, dattijo ne, Malam Idi.

Ina wajen ranar da aka haɗa su a waya. Yaya ta sa sabon mayafi, kamar zai gan ta. Muryarsa ta fito da ƙarfi, da Hausar da ba digon Larabci a cikinta, ana jin zakara na cara a bayansa. Ya ce babansa har ya rasu yana maganar yayarsa da ta tafi gabas ba ta dawo ba. Ya tambayi sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, yana maimaitawa, yana faɗa wa wasu da ke kusa da shi. Sannan ya ce, "To Yaya, yaushe za ku dawo gida?"

Yaya ta matso kusa da wayar. Ta gyara zama, ta share fuska da bakin mayafi.

"Muna gida, ɗan'uwana," in ji ta. "Amma ka sa a share mana ɗaki. Ni da ƙanwata za mu zo mu gan ku."